Shalimo da gas ɗinsa: wanne ya dace da ƙaramin aiki a zafin Maraɗi?

A watan Afrilu, ranar da zafi ya hana kowa sakat, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan la'asar yana rungume da wani dogon gwangwanin gas ruwan ɗorawa. Yaron ɗalibi ne, amma hannunsa na son ƙere-ƙere. Yana murɗa wayar jan ƙarfe ya yi awarwaro da zobe, ya liƙa su da shalimo, wato abin hura wutar gas da ake ɗaurawa a bakin gwangwani, ya sayar wa ƴan makarantarsu. Ya ce, “Kawu, shalimon nan nawa ya gaza. Sai in yi ta hura wa awarwaro wuta har hannuna ya gaji, sinadarin liƙin ya ƙi gudu. An ce mini wannan gas ɗin ya fi nawa zafi nesa ba kusa ba.” Kuɗin da ya yi wata biyu yana tarawa ya zuba a kan gwangwanin. Da ya isa gida kuma sai ya tarar bakinsa bai dace da kan shalimonsa ba, shi ne yake so in raka shi wurin wani mai gyara a haɗa masa su da tiyo, a ɗaure da robar taya.

Ban raka shi ba. Na ce ya ɗauko aikin da tsohon shalimon mu gani. Ashe a kan wani ƙaton ƙarfe da ya mayar uwar maƙera yake ɗora awarwaron yana hura masa wuta, ƙarfen kuwa yana shanye zafin kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Muka samo jan bulo uku busassu, muka kwantar da ɗaya, muka jingina biyu suka yi masa katanga, muka ɗora awarwaron a lungun. Da tsohon gwangwaninsa na gas ɗin butan ya kunna. Jan ƙarfen ya yi duhu, ya soma ja, sai ga sinadarin ya narke ya bi tsagar ya cike ta tsaf.

Tun daga ranar nake son in rubuta wannan bayani, domin shalimo ya yi yawa a garin nan. Akwai shi a hannun masu gyaran firigo, da maƙeran farfaru masu aikin azurfa, da masu babbake kai da ƙafa, da samari irin ɗan ƙanwata da suka ga abin a Facebook suka yi sha'awa. Abin da na lura da shi kuwa, yawancin masu cewa gas ɗinsu ba shi da ƙarfi, ba a gas matsalarsu take ba. Kuma duk matakin da mutum ya hau zuwa gas mafi ƙarfi, ya ƙara wa kansa hatsarin da bai koyi yadda ake zama da shi ba.

Zafin harshen wuta daban, yawan zafin da yake bayarwa daban. Harshen ashana yana da zafin da zai ƙona yatsa nan take, amma ba zai tafasa tukunyar ruwa ba ko an kwana ana ƙyastawa. Butan idan ya ƙone a iskar da muke shaƙa, harshensa a lissafi yana kaiwa wajen digiri 1,970. Furofan, wani gas ɗin daban, wajen 1,980. Kusan kunnen doki ke nan. A aikace aikin da ke gabanka ba ya samun duk wannan zafin, saboda iska na kwashe wani, abin da ka ɗora aikin a kai na kwashe wani. To amma dubi abin da ake bukata: dalmar liƙin waya tana narkewa a digiri 183, sinadarin liƙin azurfa tsakanin 600 da 800, azurfa tsantsa a 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Wato butan ya isa ya liƙa zobe, ya tausasa waya, har ya narkar da ƴar ƙwayar azurfa. Inda yake gazawa shi ne idan aikin ya yi kauri, musamman jan ƙarfe da azurfa, waɗanda ke saurin watsa zafi a jikinsu duka. Maganin wannan kan shalimo mai faɗin baki ne, da killace aikin da bulo ko gawayi. Maƙeranmu na da sun san haka tun kafin gas ya zo, shi ya sa suke binne aiki cikin gawayi su yi ta zuga.

To me ya raba butan da furofan, tunda zafinsu ɗaya? Matsi ne. Dukansu a cikin tukunya ruwa ne, ka girgiza za ka ji yana motsi. Ruwan ne ke tafasa a hankali ya zama iskar da ke fita. Butan yana tafasa a wajen digiri sifili, furofan kuwa tun a digiri 42 ƙasa da sifili. Shi ya sa a ƙasashen sanyi irin Faransa da Kanada suke gauraya su ko su yi amfani da furofan zalla, don butan yakan kwanta ya ƙi tashi idan ƙanƙara ta sauka. Mu nan ba mu da wannan damuwa. Ko a tsakiyar hunturu, sanyin asubar Janairu bai kai ya hana butan tashi ba, iyaka dai wutar ta ɗan yi rauni idan gwangwanin ya kusa ƙarewa. In haka ta faru, a riƙe shi a tafin hannu ya ɗan ɗumama. Kada a kuskura a kai shi kusa da garwashi.

Damuwarmu ita ce bazara. A digiri 20, matsin butan a cikin gwangwani wajen bar 2 ne (bar ma'aunin matsi ne), na furofan ya haura 8. Idan zafi ya kai digiri 40, wanda a Maraɗi abin yau da kullum ne a Afrilu da Mayu, butan ya kusa bar 4, furofan ya doshi 14. Shi ya sa ake zuba butan a gwangwani mai laushi kamar na maganin sauro, furofan kuwa sai tukunya mai kaurin ƙarfe. A jikin ƙananan gwangwanayen nan an rubuta kada a bari zafinsu ya wuce digiri 50. Wanda ya rubuta haka yana ganin ya bar rata mai yawa. Mu kuwa a inuwa ma muna kaiwa 43, 44. Motar da aka rufe a rana cikinta na wuce digiri 60. Haka shagon kwano da aka kulle aka tafi Juma'a, haka akwatin babur da ya yini a bakin kasuwa. Ratar da ta rage mana ƴar kaɗan ce, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai ƙaramin aiki a garin nan ya zaɓi butan, ya sayi gwangwani ɗaya ko biyu maimakon ya tara katan, ya ajiye su a inuwa inda iska ke ratsawa.

Gwangwanin ruwan ɗorawa da yaron ya sayo shi ne wanda ake kira MAPP. Asalin gas mai wannan suna an daina yin sa a Amurka tun 2008. Wanda ake sayarwa yanzu da suna makamancinsa galibinsa furofilen ne, wani gas ɗan'uwan furofan. Harshensa a iska ya ɗara na furofan da ƴan digirori, kuma ya fi saurin zuba zafi a jikin aiki, don haka mai gyaran firigo ko na'urar sanyaya ɗaki da ke liƙa bututun jan ƙarfe safe da yamma zai ga amfaninsa. Mai zobe da awarwaro kuwa tsada kawai zai saya. Matsinsa ma ya fi na furofan, kuma zaren bakinsa na Amurka ne, ba ya hawa kan shalimon da aka yi wa gwangwanin Turai ko na Asiya.

A nan, a wannan mahaɗa ta gwangwani da kai, mafi yawan ɓarna ke aukuwa, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Kasuwarmu tana karɓar kaya daga ko'ina. Wasu sun biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu daga Yamai, wasu ƴan kasuwa sun yo odarsu daga Dubai ko Sin, kowanne da irin bakinsa. Akwai dogon gwangwani mai giram 220 wanda ake danna kai a murɗa ya kama wata ƴar tsaga. Akwai mai zare wanda ake ɗaurawa kamar noti. Waɗannan biyun suna da bawul a ciki, idan ka cire kan sai su rufe kansu. Akwai kuma gajere mai giram 190 wanda ba shi da bawul ko kaɗan, kan shalimon ne ke huda shi da tsinke. Wannan na ukun, daga lokacin da aka huda shi, ba a sake kwance shi sai ya ƙare ƙarƙaf. Na ga abin da idona a wata fada a unguwar Zariya. Wani saurayi ya ga wutarsa ta ƙi kamawa, ya ɗauka gas ya ƙare, ya kwance kan yana zaune a tabarma, kaskon shayi na ci taku uku daga gare shi. Farin hayaƙi ya yi tsiri da ƙara, ya bi ƙasa, kafin wani ya ce uffan wuta ta taso daga kaskon ta biyo shi har tabarmar. Allah ya taƙaita, ya jefar da gwangwanin a fili, amma gashin hannunsa da gefen rigarsa sun tafi. Tsinken ne ya toshe da ƙura, gwangwanin kuwa da sauran rabi.

Saboda haka idan za ka sayi gas, tafi da kan shalimonka a aljihu. Idan bai hau da sauƙi ba, ba nasa ba ne, kada mai shago ya ce maka a matsa zai shiga. Dubi ɗan zoben robar da ke cikin kan kafin kowane ɗauri, domin zafi da ƙurar hunturu suna busar da shi ya tsage, kuma shi kaɗai ne tsakaninka da yoyo. Canjin gwangwani a waje ake yi, nesa da murhu da sigari. Bayan an ɗaura, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa yana hurowa akwai yoyo. Har yanzu akwai masu gwada yoyo da ashana, kuma wallahi duk lokacin da na ga haka sai gabana ya faɗi.

Wani abin da ya shigo kwanan nan shi ne ƴar mahaɗar tagulla da ake ɗura wa ƙaramin gwangwani gas daga tukunyar girki. Na fahimci dalili, gwangwani na da tsada, tukunya kuwa na nan a gida. Amma gwangwanin nan don amfani sau ɗaya aka yi shi. A masana'anta ba a cika shi maƙil, ana barin sarari a sama don ruwan ya samu wurin kumbura idan ya ji zafi. Mai ɗurawa a tsakar gida ba shi da ma'aunin da zai san inda zai tsaya. Sannan gas ɗin girki, ko da muna kiransa butan, yakan zo da furofan a gauraye, kuma ba ka san yawansa ba. Ka cika gwangwani mai laushi maƙil da safe, rana ta take, sauran labarin ba daɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda aikinsa ya fi ƙarfin gwangwani, hanya mai kyau ita ce ya koma tukunyar girkin kanta. Tun da matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 gas ya yawaita a ƙasar nan, tukunya mai kilo 6 ta shiga gidaje da yawa, kuma ita ce gas mafi araha ga mai shalimo. Sai dai a haɗa ta yadda ya kamata. Detandar ɗin murhun girki, wato kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, an yi shi ne ya rage matsi zuwa milibar 28 ko 30 (milibar dubu ke yin bar ɗaya), wanda bai kai ko kusa da abin da shalimo ke so ba. Mutum zai haɗa ya ga wuta ja tana lilo, sai ya cire detandar ɗin gaba ɗaya ya jona tiyo kai tsaye, duk matsin tukunya ya hau kan tiyon da ba a yi shi don haka ba. Abin da ake bukata detandar ne na shalimo, mai mamurɗi, wanda ke bayar da bar ɗaya zuwa huɗu, da tiyo na gas mai zare a cikinsa, da maɗaurin ƙarfe a kowane baki. Tiyon ban ruwa ko na fetur ba ya wannan aiki, robar taya ba maɗauri ba ce. Tiyo mai kyau akwai shekara a buge a jikinsa, kuma a rana irin tamu yakan tsufa kafin shekarar ta zo, don haka a riƙa lanƙwasa shi ana duba tsaga. Tukunya a tsaye take aiki. In aka kwantar da ita, ruwan ne zai biyo tiyo maimakon iska. Haka ma ƙaramin shalimo, idan ka kifa shi ƙasa sai ka ga wuta ja ta yi tsalle kamu biyu, ruwan gas ne ya iso baki. Lita ɗaya ta ruwan nan tana zama fiye da lita 200 na iska.

Akwai wata ɗabi'a ta waɗannan gas da ya kamata kowane mai shago ya riƙe a ransa: sun fi iska nauyi. Furofan ya ninka ta sau ɗaya da rabi, butan sau biyu. Idan suka yi yoyo ba sama suke tashi su fice ta taga ba, ƙasa suke kwantawa kamar ruwa, su bi ƙarƙashin gado, su taru a rami ko kwata. Kuma kaɗan ya isa, butan yana kamawa da zarar ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wuri. Gwangwani mai giram 220 idan ya tsiyaye duka yana ba da wajen lita 90, wanda ya isa ya mayar da rabin ƙasa na shago mai mita biyu da biyu abin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Mu kuma mutanen ƙasa ne, a tabarma muke aiki, a ƙasa kaskonmu yake, a ƙasa yara ke barci. Gas ɗin kansa ba shi da wari, warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake zuba masa don hanci ya faɗakar. In ka buɗe ɗaki ka ji shi, kada ka taɓa makunnin lantarki ko na fanka, kunnawa ko kashewa. Rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, fitar da mutane. In abin ya fi ƙarfinka, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ka kira daga waje.

Sai babban mataki, wato haɗa gas da iskar oksijin. Furofan da oksijin yana kaiwa wajen digiri 2,800, asetilen da oksijin ya haura 3,100. Da wannan ake walda da yanka baƙin ƙarfe, wanda ke narkewa a sama da 1,500. Ra'ayina a fili yake: wannan sana'a ce, a hannun maigida ake koyon ta, bidiyon waya ba ya isa. Oksijin ba ya ci da kansa, amma yana sa duk abin da zai iya ci ya kama da sauƙi, ya ci da ƙarfi. Ɗigon man inji ko giris a bakin tukunyarsa na iya kamawa ba tare da ashana ba. Asetilen kuma ya fi kowane gas saurin fushi. Yana kamawa tun daga kashi 2.5 har sama da kashi 80 cikin 100 na iska, kuma idan aka matsa shi ya wuce bar ɗaya da rabi yana iya fashewa shi kaɗai. Shi ya sa a tukunyarsa ta gaskiya narkar da shi ake yi cikin wani ruwa mai suna asiton. Ba a bi da shi ta bututun jan ƙarfe, don suna haɗuwa su haifar da wani gari mai fashewa. Masu gyaran salansa da ke jiƙa dutsen karbir da ruwa a tankin da aka ƙera a gida suna samar da wannan gas ɗin ne, sau da yawa babu abin da zai tare wuta idan ta koma cikin tiyo. Akwai ƴar na'urar da ake ɗaurawa don tare ta, kuma duk mai aiki da oksijin bai kamata ya kunna ba sai da ita. Yaron da ke son yin zobe ba shi da abin nema a nan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da ake hura wa wutar ma yana da nasa hatsarin. Firigon zamani da yawa suna aiki da gas mai lamba R600a, wanda ɗan'uwan butan ne, an kuma rubuta a jikin injin. Duk wanda ya kai harshen wuta kan bututun da ba a fitar da gas ɗinsa tas ba, ya kunna wa kansa. Tsofaffin gas ɗin firigo ba su cika kamawa ba, amma idan suka ratsa wuta suna rikiɗewa su zama hayaƙi mai guba. Tankin babur ko durom ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko ya shekara a bushe, ba a kusantarsa da shalimo. Ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi da bokiti, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Dalma kuwa kada a liƙa tukunya ko butar shayi da ita, kada a sa ta a abin da yaro zai kai baki. Kuma ba a hura wuta a kan daɓen siminti, danshin da ke ciki yakan sa ya fashe ya yi tsartuwa a ido.

Harshen shalimo mai lafiya shuɗi ne, da ɗan ƙaramin harshe mai haske a tsakiya, kuma a daidai tsinin wannan ƙaramin zafi ya fi yawa. In ya koma ja yana baƙanta aiki, iska ce ba ta isa ba, a duba ramukan gefe ko ƙura ta toshe su. Irin wannan wutar tana fitar da iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da gawayi a ɗaki lokacin sanyi, don haka ƙofa a buɗe ake aiki. A tsakar rana kuma shuɗin harshen ba ya ganuwa sosai, mutum na iya miƙa hannu ta gabansa bai sani ba. A sa rigar auduga mai ɗamammen hannu, yadin roba narkewa yake ya manne a fata. Mata masu aikin ado su ɗaure mayafi ta baya. In an ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi na minti 20 sannan a tafi likita, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

Gwangwanin ruwan ɗorawa dai mun kai wa wani maƙwabcina mai gyaran firigo a Ali Ɗan Sofo, wanda ke da kan da ya dace da shi. Ya duba, ya biya yaron kuɗinsa ba ragi. Da kuɗin ya sayi kai mai faɗin baki da tabarau na kare ido, canjin ya ƙara waya. Bulo ukun nan suna ƙarƙashin bishiyar dalbejiyar gidansu, can ya mayar da wurin aikinsa, kuma mahaifiyarsa ta kafa masa sharaɗi cewa gwangwani ba ya kwana a ɗaki.